Hukuncin Karantar da Yaro a Gida da Nauyin da Ke Wuyan Iyaye

Daga cikin mas'alolin da suka taso wa ma'abota ilimi da masu mulki a wannan zamani akwai wata wadda a zahirinta ƙarama ce, amma idan aka tona cikinta sai a tarar ta taɓo asalin dangantakar da ke tsakanin uba da ɗansa da hukuma. Ita ce mas'alar mutumin da ya ce ba zai kai ɗansa makaranta ba, alhali kuwa bai ƙi ilimi ba, sai dai ya ga zai fi iya karantar da shi a gida, ko dai shi da kansa, ko matarsa, ko kuwa ya ɗauko malami ya riƙa biyansa. Masu wannan ra'ayi sun yawaita ƙwarai tun bayan annobar korona, wadda ta sa aka rufe makarantu a 2020 iyaye suka ɗanɗana zama da 'ya'yansu a gaban littafi, har ma'aikatar ilimi ta Ingila ta ƙidaya yara 111,700 da ake karantarwa a gida a ƙarshen shekarar 2024, bayan a shekarar da ta gabace ta 92,000 ne. To, tambayar da ta kamata a warware ita ce, me doka ta shar'anta wa irin wannan uba, kuma wane nauyi ne ya ɗora wa kansa a ranar da ya cire sunan ɗansa daga rajistar makaranta?

Kafin a shiga dokokin ƙasashe ya wajaba a bambance abubuwa biyu waɗanda jama'a suka saba cakuɗawa, wato wajabcin ilmantar da yaro da wajabcin halartar makaranta. Babu wata ƙasa mai tsari da ta yarda a bar yaro cikin jahilci, a kan wannan kam kamar an yi ijma'i. Saɓanin yana wajen ko ilimin nan tilas ne a same shi a cikin aji, a gaban malamin da hukuma ta sani, ko kuwa ya halatta a same shi ta wata hanya dabam. Ita kanta sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ta tara ɓangarorin biyu a sashe guda, na 26, inda ta wajabta ilimin farko ga kowane yaro, sannan ta ba iyaye fifiko wajen zaɓen irin ilimin da za a ba 'ya'yansu, ta bar wa kowace ƙasa aikin sulhunta tsakani.

Ingila ce ta fi dacewa a tsaya a kanta a natse, domin dokarta tsohuwa ce kuma a fili take, ga shi kuma akwai 'yan'uwanmu da yawa da ke zaune can da iyalansu waɗanda hukuncin ya shafa. Tun a dokar ilimi ta 1944, wadda aka sake zubawa a sashe na 7 na dokar ilimi ta 1996, an ɗora wajabcin a kan iyaye ne kai tsaye, cewa lalle su sa ɗansu ya sami ilimi ingantacce, na cikakken lokaci, wanda ya dace da shekarunsa da basirarsa da duk wata lalura ta musamman da yake da ita, ko dai ta hanyar zuwa makaranta a kai a kai ko ta wata hanyar, a yau daga shekara 5 zuwa 16. Saboda haka uban da ya zaɓi gida bai nemi alfarmar kowa ba, yana sauke farillar da doka ta ɗora masa ne ta ɗaya daga cikin hanyoyi biyun da ta buɗe. Ba a shar'anta masa takardar shaidar malanta ba, ba a tilasta masa bin manhajar gwamnati ba, ba a yanka masa awoyin karatu ko ranakun hutu ba. Idan yaron ya riga ya shiga makaranta, abin da ake bukata shi ne uban ya rubuta wa shugaban makarantar takarda a cire sunansa, shi kuma ya sanar da ƙaramar hukuma. Sai fa idan makarantar masu lalura ta musamman ce wadda ƙaramar hukuma ta sa shi a ciki, nan kam dole a nemi yardarta tukuna.

Amma wannan sassauci yana da iyaka, kuma yana da farashi. Idan ya bayyana ga ƙaramar hukuma cewa yaro ba ya samun ilimin da ya dace, sashe na 437 ya ba ta ikon aika wa iyaye takarda, ta ba su wa'adin da bai gaza kwana 15 ba su gamsar da ita, in sun kasa ta ba da umurnin a mayar da yaron makarantar da ta ambata, wanda ya ƙi bin umurnin kuwa ya aikata laifin da kotu za ta iya cin sa tara. Ta fuskar kuɗi kuma, daga ranar da aka cire yaro gwamnati ta janye hannunta: littattafai, da kayan gwaji, da ladan malami, da kuɗin jarrabawar kammala sakandare, da neman cibiyar da za ta yarda yaron ya zauna jarrabawar a matsayin ɗalibi mai zaman kansa, duk sun koma kan iyaye. Da yawa ba sa lura da wannan sai yaro ya kai shekara 15, lokacin da gyara ya yi wuya.

Akwai kuma wata ɓaraka a tsarin Ingila wadda ta daɗe tana damun masu lura, ita ce yaron da ba a taɓa sa shi makaranta ba babu wanda doka ta wajabta wa ya kai sunansa ko'ina, har ya yiwu ya girma ya balaga hukuma ba ta san halin da yake ciki ba. Abin da ya girgiza ƙasar shi ne al'amarin wata yarinya 'yar shekara 10 a garin Wokin, wadda malamanta suka ga tabon duka a jikinta suka kai rahoto a watan Maris na 2023, sai aka cire ta daga makaranta a watan Afrilu da sunan za a karantar da ita a gida, a watan Agusta kuma aka tarar da gawarta, daga bisani kotu ta kama ubanta da matarsa da laifin kisa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A watan Disamba na 2024 gwamnati ta gabatar wa majalisa ƙudurin da ya tanadi rajistar duk yaran da ba sa makaranta, ya kuma shar'anta izinin ƙaramar hukuma kafin a cire yaron da ake binciken lafiyar zamansa a gida. Zalunci ne a auna dubban iyaye na kirki da wannan mugun aiki. Sai dai kuma al'amarin ya nuna cewa makaranta, ban da karatu, wuri ce da idon wasu manya ke ganin yaro kullum, kuma duk wanda ya ɗauke ɗansa daga nan ya kamata ya yarda wani ido ya maye gurbin wancan.

A ɗaya gefen akwai Jamus, wadda ta ɗauki halartar makaranta ita ce farillar. Tsarin mulkinta na 1919 ya wajabta ta, dokar 1938 ta ƙara tsananta ta, jihohin ƙasar kuma suka ci gaba da riƙon wannan hukunci har yau, inda ake cin iyaye tara, wani lokaci ma kotu ta karɓe musu wani sashe na ikon riƙon yara. Wasu iyalai Kiristoci sun kai ƙara har kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai da ke Istirasbog, amma a 2006 ta ƙi sauraron ƙarar, tana mai karɓar hujjar Jamus cewa makaranta ita ce inda 'ya'yan mabambantan aƙidu ke koyon zama da juna, kuma ƙasa na da haƙƙin hana a sami wasu jama'a da suka keɓe kansu daga sauran al'umma. A 2019 ma ta sake goyon bayan Jamus a shari'ar wani iyali da aka ɗauke wa yara na ɗan lokaci. Hujja ce mai nauyi, ba a yi mata riƙon wasa. Amma a ganina ta wuce gona da iri, domin ta hukunta uban da ya karantar da ɗansa karatu mai kyau daidai da wanda ya bar nasa yana yawo, alhali manufar shari'a ita ce maslahar yaron.

Faransa ta yi shekaru fiye da ɗari, tun dokar Jul Feri ta 1882, tana bin mazhabar da ta wajabta ilimi ta bar zaɓin wuri, sanarwa kawai ake yi. Sai dokar 24 ga Agusta 2021 ta juya lamarin, daga 2022 ya zama sai an nemi izini, kuma ba a bayarwa sai da ɗayan dalilai huɗu: rashin lafiyar yaro ko naƙasa, shagaltuwarsa da wasanni ko fasaha mai zurfi, yawan ƙaurar iyali ko nisan makaranta, ko wani hali na musamman da ya keɓanta da yaron. Wanda aka ba izinin ma sufeto zai riƙa zuwa duba karatun kowace shekara. Afirka ta Kudu kuwa tun dokar makarantu ta 1996 ta halatta karatun gida bisa sharaɗin a yi wa yaro rajista a wurin shugaban ma'aikatar ilimi ta lardi.

Amurka ita ce cibiyar wannan harka, kuma a can babu doka ɗaya, kowace jiha da tata. Kotun ƙoli ta share fage tun 1925, da ta rushe dokar jihar Oregon mai tilasta wa kowane yaro shiga makarantar gwamnati, sannan a 1972 ta ba mabiya ɗariƙar Amish na jihar Wiskonsin damar tsayar da 'ya'yansu bayan aji takwas saboda addininsu. Zuwa 1993 karatun gida ya halatta a dukan jihohi 50. Amma tazarar da ke tsakanin jihohin abin mamaki ce. A Teksas ba a bukatar uba ya sanar da kowa in yaron bai taɓa shiga makaranta ba, an dai ambaci karatu da rubutu da nahawu da lissafi da tarbiyyar zama ɗan ƙasa, babu kuma mai zuwa dubawa. A Niyok kuwa sai an ba da sanarwa kowace shekara, a miƙa tsarin karatun yaron a rubuce, a kai rahoto sau huɗu a shekara, a cika awa 900 ga 'yan aji ɗaya zuwa shida da awa 990 ga na sama da su, a kuma yi awon ƙarshen shekara. A Fensilbaniya mai karantarwa sai ya kammala sakandare, ya tara ayyukan yaron a kundi, wani masani ya duba ya sa hannu. Ke nan duk wanda ya ji an ce karatun gida halal ne a Amurka, to ya tambaya a wace jiha, kafin ya jefa kansa cikin laifi.

Idan aka tattara waɗannan hukunce-hukunce, abin da na fahimta, kuma nake tsaye a kansa, shi ne ilimi haƙƙin yaro ne, uba kuwa amintacce ne a kan haƙƙin, ba mai shi ba ne. Wannan ba baƙon ra'ayi ba ne a wurin wanda ya tashi cikin mazhabar Malikiyya. Malaman Ƙairawan sun yi rubutu a kan tarbiyyar yara tun da daɗewa: Muhammadu ɗan Sahnunu, wanda ya rasu a 870, ya wallafa littafi kan ladubban malamai, Abul Hasan al-Ƙabisi, wanda ya rasu a 1012, ya tattauna hukuncin uban da ya ƙi karantar da ɗansa, Risalar Ibnu Abi Zaidin da ake karantawa a zaurukanmu ma domin koyar da yara aka tsara ta. A babin reno kuma fuƙaha'u sun tabbatar cewa ko da yaro yana hannun uwarsa bayan rabuwar aure, uba na da haƙƙin bibiyar tarbiyyarsa da aika shi wurin malami. In kuwa shari'a ta ba alƙali ikon bincikar wasiyyin da aka damƙa wa dukiyar maraya, har ya tuɓe shi idan ya yi almubazzaranci da ita, ta yaya za a ce hankalin yaro da shekarun ƙuruciyarsa, waɗanda ba a mayar da su in sun wuce, ba su cancanci a tambayi wanda aka damƙa wa ba?

Gida kuwa ba sabon wurin karatu ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a wurin mahaifinsa ya karanci Alƙur'ani, 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, a cikin gida ta yi karatun da ya kai ta ga wallafa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tsara ƙungiyar 'Yan Taru, malamanta mata da ake kira jaji suna kai karatu ga matan ƙauyuka har cikin ɗakunansu. Amma shi Shehun nan ne, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausan zargi ga malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a cikin gida. Ya san cewa katangar da ke tsare mutuncin iyali ita ce kuma ke iya ɓoye sakaci.

A Nijeriya ta yau doka ba ta ambaci karatun gida da suna ba, ba ta tsara masa hanya ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa gwamnati samar da ilimi kyauta na shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, sashe na 2 kuma ya wajabta wa kowane uba ko mai riƙo ya tabbatar ɗansa ya halarta ya kammala, ta hanyar aika shi makaranta. Wanda ya saɓa, karo na farko a ja masa kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyun, bayan haka tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu ko duka biyun. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ma ta zo da irin wannan wajabci a sashe na 15. Zahirin lafazin dai ya fi kusa da mazhabar Jamus, ko da yake ita dokar ta 2004 ta lissafa ilimin makiyaya da almajirai da sauran hanyoyin da ba na aji ba cikin abin da ta kira ilimin bai-ɗaya. Sakamakon haka shi ne uban da ke karantar da ɗansa a gida tsakani da Allah ba shi da ofishin da zai je ya yi rajista, ba shi da takardar da zai nuna, wanda kuma ya bar 'yarsa tana talla babu mai tambayarsa, domin dokar ba a cika aiki da ita ba. Ƙasar da hukumar UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa makaranta a cikinta, mafi yawansu a Arewa, ba ta da halin barin wannan babi a buɗe haka.

Kuma kada a ɗauka masu tunanin tsayar da 'ya'yansu a gida a wajenmu kwaikwayon Turawa suke yi. Uban da ya ji abin da ya faru a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, inda aka kwashe ɗalibai daga makarantunsu, ba za a zarge shi ba in zuciyarsa ta ƙi sakin 'yarsa. Haka wanda ya leƙa aji ya tarar da yara a ƙasa sun cika ɗaki maƙil da malami ɗaya, ko wanda kuɗin makarantar kuɗi ya fi ƙarfinsa. Uzurinsa karɓaɓɓe ne. Sai dai uzurin ya halatta masa canza wurin karatu ne kawai, bai sauke masa karatun ba.

To, me ya hau kansa? Farko ya auna kansa da gaskiya, domin son ɗa dabam, iya karantar da shi dabam. Mutum yana iya koya wa ɗan shekara bakwai haɗa baƙi da ƙidaya, amma lissafin ƙaramar sakandare da kimiyya da Turanci sai wanda ya san su. Inda iliminsa ya tsaya, wajibi ne ya nemo malami ya biya, kamar yadda magabata ke tura ɗa wurin wani shehi idan sun kai iyakar abin da suka sani. Sannan ya yanka wa karatun lokaci tabbatacce wanda baƙo ko biki ko aike ba sa ture shi, gama abin da ya fi kashe karatun gida shi ne a wayi gari yaro ya zama ɗan aiken kasuwa, yarinya ta zama mai reno da wanke-wanke, ana cewa gobe a rama. A nan ya kamata maza su ji tsoron Allah game da matansu: a mafi yawan gidaje uwa ce aikin ke faɗawa kanta, a kan girki da raino da ta riga ta ɗauka, kuma ba adalci ba ne maigida ya yanke shawara a zaure ya fita nema, ya bar mata makaranta sukutum ba tare da shawara da ita ko taimako ba.

Ya kuma riƙa rubuta abin da aka karanta, da ranar da aka karanta, ya adana littattafan aikin yaron, ya kai shi wani malami na waje ya gwada shi lokaci lokaci, domin ido ba ya ganin aibin abin da yake so. Ya duba gaba tun da wuri: jami'a a Nijeriya ba ta karɓar shaidar uba, tana neman kiredit biyar ne a jarrabawar WAEC ko NECO, waɗanda dukansu suna da zama na musamman ga ɗalibai masu zaman kansu, sannan jarrabawar JAMB, wadda ba a yin rajistarta sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Darussan kimiyya kuwa suna son ɗakin gwaji, wanda babu shi a tsakar gida, sai an nemi wata makaranta ta yarda yaro ya riƙa zuwa. Game da cuɗanya da tsara, wadda Jamusawa suka kafa hujja da ita, yaronmu ya fi ɗan Turai sa'a, tunda ga Islamiyya ga masallaci ga dangi ga 'yan unguwa. Amma wannan ya fi tabbata ga ɗa namiji, ita 'ya mace in aka ce gida, sau da yawa gidan ne ɗungurungum, kuma ita ce wadda na fi jin tsoron a zalunta da sunan karatun gida.

Saboda haka ina kira ga 'yan majalisunmu, na tarayya da na jihohi, su gyara dokar 2004 su buɗe wa karatun gida babi bayyananne: uba ya yi rajistar ɗansa a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ba tare da biyan ko kwabo ba, a gwada yaron sau ɗaya a shekara a karatu da rubutu da lissafi, wanda aka ga yana ci gaba a bar shi da iyayensa a kuma ba shi damar zama jarrabawar gwamnati, wanda aka ga an yi sakaci da shi a mayar da shi aji. Kai kuma ɗan'uwa mai niyyar wannan aiki, in kana wata ƙasa, ka nemi dokar wurin da kake ka karanta ta kafin ka rubuta takardar cire ɗanka. In kana gida Nijeriya, ka sani zahirin doka yana neman ka da makaranta, don haka ka je ka gana da sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku, ka kuma haɗa ɗanka da wata makaranta mai rajista wadda za ta riƙa gwada shi tana ba shi shaida.